Yadda Na Kwantar Da Inna Lami A Asibiti

'Yan uwa ɗaliban Arewa da ke karatu a Kudu, musamman mu na Ibadan. Rubutun nan yana da tsawo, na faɗa tun da wuri, wanda ke da jarabawa gobe ya ajiye shi sai ya fito. Na daɗe ina son rubuta shi, abin da ya tsayar da ni shi ne labarin ba nawa ba ne ni kaɗai, sai da na nemi izinin mai shi. Ta ce in rubuta, amma in sauya mata suna, kuma kada in wanke kaina. To, zan ƙoƙarta.

Duk wanda ya zauna a Sultan Bello a 'yan shekarun nan ya san ɗakin da muke taruwa ranar Juma'a da daddare. Mu bakwai, wani lokaci mu tara, a kan waya ɗaya da aka jingina da gwangwanin madara. Kowa ya kawo ɗari biyunsa a sa data, a tabbatar akwai caji, sannan a kunna Labarina. Ban san yadda zan bayyana wa wanda bai taɓa zaman Kudu ba abin da wannan awa ɗayar take yi mana. Sati guda cur kana fama da Turanci da 'yar gaisuwar Yarbancin da ka haddace, sai ga mutane a cikin waya suna magana irin ta gidanku, ga tabarma, ga buta, ga adaidaita sahu yana wucewa. Kamar an buɗe maka taga ne ka leƙa gida.

Amma kallon ba shi ne shagalin ba. Shagalin sai an kashe waya yake farawa. Akwai 'yan Mahmud, akwai 'yan Presdo, akwai mutum ɗaya tilo da ke bayan Lukman, kuma kullum shi ake yi wa taron dangi. Akwai Ustaz, wanda ya ce shi ba ya kallon fim, zama kawai yake yi saboda fankar ɗakin ta fi tasa, amma in aka manta abin da Baba Ɗan Audu ya ce sati uku da suka wuce shi ake tambaya. Har da wani ɗan Ogbomosho da ke kwana a ɗakin, Hausa ko "zo in kashe ka" ba ya ji, amma da fassarar da muke yi masa guntu-guntu shi ma ya zaɓi gwaninsa. Ranar da Mahmud ya mutu a shirin, Dogo mutumin Funtuwa ya miƙe ya ce shi da Labarina har abada, an ci amanar masu kallo. Juma'ar da ta zagayo shi ya fara ajiye ɗari biyunsa.

Ni matsayina daban ne a ɗakin. Ni ne masani. Tunda fannin sadarwa da harshe nake karantawa, sai na ɗauki kaina alƙalin marubuta. Ba na cewa ina son wane ko ina ƙin wance, wannan na yara ne. Ni cewa nake yi, "marubucin nan bai iya ba." Sannan in ɗora da kalmar da ta kusa jawo mini asarar mutunci daga baya: "Da ni ne..." Da ni ne, da Sumayya ta yi kaza. Da ni ne, da Laila ta ga sakayya tun zango na biyu. Haka nake yi wa Kwana Casa'in, haka nake yi wa Izzar So. Babu shirin da ban gyara da baki ba, ina kwance a katifar wani.

Ban taɓa tsayawa na yi tunanin halin da mai rubuta irin waɗannan shirye-shiryen yake ciki ba. Mutum ne da ke gina gida alhali mutane suna kwana a ciki. Yana cikin rubutu ɗan wasa zai iya barin shirin, dole ko dai a kashe wanda yake fitowa a matsayinsa, ko a tura shi tafiya, ko a sauya masa fuska, kamar yadda muka wayi gari Sumayya ta tashi daga Nafisa Abdullahi ta koma Fati Washa. Mu dai namu ihu ne.

Sai yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya zo, wanda aka fara a Fabrairu ba a janye ba sai Oktoba. Wata takwas. Yawancinku kun tafi gida. Ni na lissafa kuɗin mota zuwa Gusau da dawowa, ga shi kullum ana raɗe-raɗin sati mai zuwa za a janye, sai na raɓe wurin wani kawuna mai shago a Sabo. A masallacin unguwar ne wani dattijo ya ce mini akwai wata mata a Mokola da ke neman wanda ya iya karatun Hausa da kyau, ba wanda ya iya magana kawai ba.

Da yawanmu muna zaune a garin nan ba mu san garin littattafai ba ne. Ka duba bangon littattafan da ka yi firamare da sakandare da su, da wuya ka rasa sunan Ibadan a jiki: University Press, Heinemann, Evans, Spectrum, duk nan suke. Matar da aka tura ni wurinta ta shekara kusan talatin tana aikin edita a ɗaya daga cikin manyan kamfanonin, da ta yi ritaya ta buɗe ɗan ofis a saman wani shago, tana karɓar aikin littattafan 'yan firamare. Kowa Mama yake ce mata. Ita kuma tun ranar farko ta raɗa mini Malam, kamar yadda suke ce wa kowane ɗan Arewa.

Na je da jan birona a aljihu, ina ji da kaina. Ta kalli biron ta miƙo hannu ta karɓe, ta ba ni fensir da abin gogewa. Ta ce, "Malam, edita ma yana kuskure. Ka yi aiki da abin da za a iya gogewa."

A wurinta na fara sanin cewa abin da muke kira gyaran littafi ba aiki ɗaya ba ne. Akwai duba ginin littafin gaba ɗaya, me ya zo da wuri, me ya makara, ina ya yi tsawo har mai karatu zai yi hamma. Wannan ba a yin sa sai da marubuci, tambaya ake yi masa a gefen shafi, shi zai koma ya gyara da hannunsa. Sai gyaran jimla da ƙa'idar rubutu. Sai karatun ƙarshe, bayan an tsara shafuka, inda ake farautar harafin da ya faɗi ko lambar shafin da ta tsallake. Ni a na ƙarshen aka ajiye ni, kuma a nan na ga abin mamaki. Kwamfutar mai tsara shafuka tana haɗiye ƙugiyar haruffanmu, shi kuma bai san akwai su ba. Sai ka ga an rubuta wa yaro ɗan aji biyu "baki sun cika gida" a maimakon baƙi, ko "Ladi ta bata" ba ka san ɓata ta yi ko kyauta aka yi ba. Ƙasa ta zama kasa, ƙafa ta zama kafa. Ga "shine" da "yace" da "ya na" da muka saba da su a waya, waɗanda ni kaina sai a ofishin nan na daina rubutawa. Mama ba ta jin Hausa, amma tana da wata doguwar takarda ga kowane littafi inda ake rubuta sunan kowa, shekarunsa, da yadda aka zaɓi rubuta kowace kalma mai rikici, don kada Audu na shafi na 4 ya zama Abdu a shafi na 40.

Akwai wata alama da ta koya mini da na fi so. Idan edita ya soke kalma, daga baya aka ga ta marubucin ce daidai, ba a gogewa. Ɗige-ɗige ake jerawa a ƙarƙashin kalmar, ma'ana a bar ta yadda take. Ta ce a shekarunta na aiki, editan da ba a taɓa yi wa ɗige-ɗige ba, ko dai ba ya aiki, ko marubutansa tsoronsa suke ji.

A lokacin ne kuma na koma na karanta tarihin namu rubutun. Littattafan da muka sha a sakandare, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, daga gasar 1933 suka fito, kuma duk ta hannun edita suka bi, wato Rupert East a Zariya. Magana Jari Ce ma a Zariya Abubakar Imam ya zauna ya rubuta shi, East yana dubawa. Da zamanin littattafan Kano ya zo, su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, yawanci marubuci shi ne mai rubutawa, shi ne mai kai wa maɗaba'a, shi ne mai kai wa kasuwa. Abin da ya ba ni dariya shi ne mutanen da muke yanke wa hukunci ranar kallo wasunsu tsofaffin marubuta ne. Gidan Dabino mai In Da So Da Ƙauna shi ne Malam Adamu na Kwana Casa'in, Kamaye na Daɗin Kowa kuwa Ɗan'azumi Baba ne, wanda ya rubuta littattafai tun kafin a haifi da yawanmu. Yanzu kuma da rubutu ya koma waya, marubuciya ba ta da edita ko ɗaya, amma tana da ɗari biyar, kowa da abin da yake so a yi wa kishiya.

To a nan Hajjo ta shigo.

Bayan an dawo karatu na ci gaba da zuwa wurin Mama ranakun Asabar, labari kuma ya bazu a ƙungiyarmu ta ɗaliban Arewa cewa wane yana aiki a kamfanin littattafai. Ban ƙaryata ba, ban kuma ce karatun ƙarshe kawai nake yi wa littafin 'yan aji biyu ba. Bayan wani taro wata ƙanwarmu 'yar aji biyu ta tare ni ta ce, "Yaya, an ce kai edita ne." Ta daɗe tana rubuta wani labari tana saka shi babi-babi a wani zauren WhatsApp na mata. Ta kai ƙarshe, amma babin ƙarshen ta riƙe shi, tana so ta buga littafi na gaske, mai bango. Kuɗin da take tarawa na lallen amare ne da take zuwa yi a Sabo ƙarshen mako. Ta ce za ta biya ni. Na ce haba, ai ke ƙanwa ce, sai littafi ya fito.

Labarin wata yarinya ce, Zainabu, wadda mahaifiyarta ta rasu tana shekara shida, ta tashi a hannun matar uba, Inna Lami. Inna Lami ba ta da daɗi. Ita ke ɗora mata tallan ƙosai da asuba kafin makaranta, ita ke dukanta in ciniki bai cika ba, ba ta taɓa kiranta da wani suna mai taushi ba. 'Ya'yanta na cikinta ma ba su tsira daga bakinta ba, amma na Zainabu ya fi. Hajjo ta iya rubutu, wannan ban taɓa musu ba. Akwai wurin da yarinyar ke ƙirga kuɗin talla a zaure, ta ga naira ashirin ta ɓace, ta tsaya ta kasa shiga gida har aka kira magariba. Da na karanta wurin sai da na ajiye wayar na ɗan zagaya.

Ta turo mini har da abin da masu karatunta suke cewa, wai ko zai taimaka. Kusan bakinsu ɗaya. Allah ya isa tsakaninmu da Inna Lami. Anti don Allah ki sa ta haukace. Anti in ba ki wulaƙanta matar nan ba na daina karantawa. Wata ta ce a sa mai ya ƙone ta a wurin suyar ƙosai. Wallahi kamar ɗakinmu na ranar Juma'a, sai dai su mata ne. Kuma in faɗi gaskiya, ba duka maganarsu ce banza ba. Su ne suka gano cewa ƙanin Zainabu Sadik ne a babi na 3 amma ya koma Abba a babi na 20, su ne suka lura wani ciki ya shekara biyu ba a haife shi ba. Mai kallo da mai karatu ba sa mantuwa, abin da doguwar takardar Mama ke yi su da ka suke yin sa.

Sai na zo babin ƙarshe. Zainabu ta samu gurbin jami'a a Kudu. Da asuba tana tasha, mota ta kusa cika, sai ga Inna Lami da mayafinta na kullum, riƙe da baƙar leda. Ƙuli-ƙuli ne da yaji da garin kunu. Ta miƙa mata ta taga. Ba ta ce ki yafe ni ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi ta riƙe jakarta da kyau, 'yan tasha ɓarayi ne. Ta juya ta tafi tun kafin mota ta tashi. Shi ke nan. Littafi ya ƙare.

Na ce kai, wannan ai ba ƙarshe ba ne. Babi talatin da biyu ana gana wa yarinya azaba, sannan a sallame mu da ƙuli-ƙuli? Ina sakayya? Sai "da ni ne" ta motsa, kuma wannan karon ba a katifar wani nake ba, littafin yana hannuna.

Kwana uku na yi. Na goge babin tashar ɗungurungum. Na rubuta sabo: Inna Lami ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta ya shanye, 'ya'yanta sun gudu sun bar ta, Zainabu ce ta dawo daga makaranta ta same ta a gadon asibiti. Bakinta a karkace tana neman gafara, tana tona duk abin da ta yi, har da wani asiri da na ƙirƙiro mata wanda babu shi a littafin. Zainabu ta yafe, kowa ya yi kuka, likita ma ya share hawaye. Na bi sauran babukan na ƙara wa Inna Lami mugunta a inda na ga ta yi sanyi. Akwai wani layi ɗaya a babi na 30 da aka ce ta sayar da kwanukan jerenta, na ga bai dace da muguwa ba, na cire. Na tura wa Hajjo da dogon bayani, har da cewa yanzu ne littafin zai sayu.

Kwana huɗu shiru. Ta karanta saƙon, alamar ta nuna, amma ba amsa. A rana ta biyar na haɗu da ita a bakin laburaren Kenneth Dike. Da Yaya take kirana. Ranar cewa ta yi, "Malam, ina da magana."

Muka koma gefe. Ta ce, "Ka san kwanukan da ka cire?"

Na ce ai layi ɗaya ne, kuma yana rage wa labarin zafi.

Ta ce, "Da kuɗinsu aka biya mini WAEC. Babana cewa ya yi ba shi da shi, in haƙura a yi mini aure. Ita ta kwashe kwanukan da aka yi mata jere da su tun aurenta ta kai wa dillaliya. Ba ta faɗa mini ba, a bakin maƙwabciya na ji. Kuma washegarin ranar sai da ta mare ni a kan wanke-wanke."

Na rasa abin cewa.

Ta ce, "Tana nan da ranta, lafiyarta ƙalau, jiya ma mun yi waya ta yi mini faɗa. Kai kuma ka kwantar da ita a asibiti ka karkata mata baki. Har asiri ka ba ta. Matar da ko layar yara ba ta yarda da ita ba." Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce in bar aikin, ta gode.

Kun san halin ɗan Adam. Maimakon in ji kunya nan take, sai na ji haushi. Ai ba ta ce mini labarinta ba ne. Ai ni a matsayin ƙagaggen labari na karanta, kuma a ƙagaggen labari ƙarshena ya fi. Ranar Asabar na kai ƙara wurin Mama, ina neman wanda zai ce ina da gaskiya. Na nuna mata a kwamfuta, shafukan sun yi jajir da gyara. Ta daɗe tana gungurawa ƙasa ba ta ce komai ba. Sannan ta ce in fassara mata ƙarshen biyu da baki, na yarinyar da nawa. Na fassara, har ina ƙara wa nawa armashi.

Ta ce, "Malam, a cikin biyun nan wanne ka taɓa gani a wani wuri?"

Na ce nawa yana kama da yadda aka saba.

"Sau nawa ka gan shi?"

Na yi dariyar yaƙe na ce da yawa. A finafinanmu, a na Kudu, har a na Indiya.

Ta ce, "To wanda ba ka taɓa gani ba shi ka goge." Ta cire tabarau ta ce ko da matar ba ta taɓa wanzuwa a duniya ba, abin da na yi ba aikin edita ba ne, na karɓe wa yarinya littafi ne na rubuta nawa da sunanta. Sannan ta tambaye ni tambaya nawa na rubuta wa marubuciyar a gefen shafi. Na duba. Ko ɗaya babu.

Amma Mama ba ta tsaya nan ba, kuma wannan ɓangaren ne ya fi zama mini a rai. Ta ce jin da na yi cewa ƙarshen bai ƙosar ba, kada in jefar da shi. Mata ɗari biyar ba za su taru su ji abu ɗaya a banza ba. Inda mai karatu ya ce yana masa ciwo, a yarda da shi, akwai ciwo a wurin. Maganin da ya rubuta ne ba a sha. Ta ce in koma in nemo dalilin da ya sa ledar ƙuli-ƙulin ba ta yi mini nauyi ba.

Na koma na karanta asalin littafin daga farko, wannan karon da fensir a kan takarda, don na kashe kuɗina na fitar da shi a Agbowo. Sai na gani. Hajjo ta san Inna Lami ciki da waje, saboda haka ta ɗauka mu ma mun san ta. Duka da talla ta ba su shafuka, tana nuna mana su da ido. Alherin kuwa a layi ɗaya take wurgar da shi ta wuce, kamar mai jin kunyar faɗa. Kwanukan layi ɗaya. Daren da Zainabu ta yi zazzaɓi aka goya ta zuwa kemis, rabin layi, ba a ma faɗi wanda ya goya ta ba. To yaya mai karatu zai ga matar a tasha ya ji wani abu? Ƙarshen daidai yake. Hanyar zuwa gare shi ce ba a share ba.

Na rubuta tambayoyi goma sha ɗaya, ban taɓa jimla ko ɗaya ba. Wa ya goya ta zuwa kemis? Ranar da aka fitar da kwanukan Zainabu tana ina, me ta gani a ɗakin da ta dawo? Inna Lami ita wa ya rene ta? Na haɗa da ban haƙuri, gajere, don na lura dogon bayanina ne ya saba jawo mini tsiya. Na ba wata ƙawarta ta kai mata Queens.

Sai da aka yi sati uku. Sannan ta turo babi ɗaya sabo, babu sallama babu komai. Zainabu ta dawo daga makaranta ta shiga ɗakin Inna Lami ɗaukar tsintsiya, ta ga bango fayau, sai zagayen da kwanukan suka bari a jikin farar ƙasa, kowanne da shatinsa. Tana tsaye tana kallo Inna Lami ta shigo ta ce uban me take nema a ɗakin mutane. Shafi biyu ne kacal. Na karanta a cikin lakca, malami yana ta bayani, ni kuwa ina ta ƙifta ido kada na kusa da ni ya gani.

Daga nan muka ci gaba, a kan takarda, da fensir. Ba a komai muka daidaita ba. Akwai wani saurayi matuƙin jirgin sama da ta cusa a tsakiyar littafin saboda masu karatu sun dame ta a kawo soyayya. Ni har gobe ina ganin ba shi da aikin yi a labarin, na rubuta mata haka sau biyu. Ta jera masa ɗige-ɗige a ƙasa, alamar da ni na koya mata, ta ce yana nan daram, ita ma tana da haƙƙin ta ji daɗi a littafinta. Tambaya ta uku kuwa, wa ya rene Inna Lami, ta ce ba ta sani ba, kuma ba ta da ƙarfin halin tambaya tukuna. Muka bar wurin a buɗe.

Littafin bai fito ba har yanzu. Kuɗin takarda ya tashi, abin da maɗaba'a ta faɗa mata bara ba shi ne na bana ba, kuɗin lalle kuma ba ya gudu kamar farashi. Ta saka babin ƙarshen a zauren nasu yadda ta rubuta shi tun farko. Wasu sun fita don haushi. Wata kuma ta biyo ta ta gefe ta ce ita ma a hannun irin wannan matar ta tashi, ta kwana tana kuka, da safe ta kira ta a waya.

Ba ta koma ce mini Yaya ba. Likita take ce mini yanzu, ita da ƙawayenta, saboda asibitin da na buɗe wa Inna Lami, kuma sunan ya fara bin ɗakinmu na Juma'a. Can ma ban daina ihu ba, kada ku ɗauka na zama waliyyi, makon jiya ma ni da Dogo kamar mu dambace.

Da na nemi izininta a kan wannan rubutun, na tambaye ta ko Inna Lami ta san da littafin. Ta ce a'a. Ba ta karatun boko, in ya fito sai dai ƙaninta ya karanta mata, shi kuma ba ya iya tsallake layi, duk abin da ya gani sai ya faɗa, har da marin wanke-wanke. Na ce to za ki kai mata? Ta ce hutun nan dai za ta fara saya mata kwanuka a Bodija, in ta ga yadda ta karɓa, sai ta san abin da za ta yi da littafin.